Direban Motar Ƙwai Yana Roƙon Ƙarin Albashi

Zuwa ga Mai Girma Shugaba kuma Mamallakin Kamfanin Kaji da Ƙwai na Arzikin Kowa, Hanyar Zango, Daura,
Alhaji Saminu Kyauta, inuwar ma'aikata, bangon jinginar marasa ƙarfi, uban kaji dubu goma sha biyu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da durƙuso gwiwa biyu, da tambayar lafiyarka da ta Hajiya da yara da kajin kamfani baki ɗaya, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin sanyin ofis da kwanciyar hankali. Idan ka tambayi tamu lafiyar, to da sauƙi, kamar yadda mara lafiya kan faɗa wa mai dubiya.

Ni ne Munzali Dabo, direban a-kori-kurar da ke rarraba maka ƙwai daga Daura zuwa Zango, Baure da Babban Mutum, ranar Lahadi kuma Mai'adua da Kongolam. Na fara da faɗin sunana ne saboda shekara goma sha ɗaya ke nan kana kirana Manzo. Manzo shi ne direban da na gada, ya koma noma tun kafin ka gina keji na uku. Ban taɓa gyara maka ba, don yaro ba ya gyara wa babba magana, kuma a gaskiya na saba, har in an kira Munzali a kasuwa nakan waiga in ga da wa ake.

Wannan wasiƙa a buɗe na rubuta ta. Na liƙa ɗaya a ƙofar kamfani, ɗaya a tashar Zango, ɗaya kuma a rumfar mai shayin da direbanka na gida ke karyawa, don na san abin da aka faɗa a can ba ya kwana bai iso kunnenka ba. Allah shi ne shaida, ba tonon asiri nake nufi ba. Rufaffiyar wasiƙa na gwada ta, kuma zan faɗi inda ta ƙare. Ga ƙorafe-ƙorafena cikin ladabi, in akwai wanda ya yi tsauri a yafe wa talaka.

Na ɗaya. An ɗauke ni aiki a shekarar 2013 a kan naira dubu goma sha takwas. A 2016 ka ƙara mini dubu bakwai, ranar da Hajiya ta haifa maka tagwaye. Tun daga wannan rana ban taɓa idar da salla ban roƙa wa gidanka ƙarin haihuwa ba, amma Allah bai nufa ba. A wancan lokaci albashina yakan sayi buhun gero har a sami na cefane. Yau in na kai shi kasuwa na ce a auna mini, mai awo yakan dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Ka zo da leda, ko in zuba maka a aljihu?"

Ba zan ce kamfaninmu bai san tsadar rayuwa ba. Ya sani sarai, a kan kaji. Bara da masara ta yi tashin gwauron zabo, manajanmu Misbahu, ɗan ƙanwarka, ya ce a rage wa kaji awo. Cikin kwana uku suka haɗa baki suka daina yin ƙwai. Ba su rubuta wa kowa takarda ba, ba su kuma nemi iso ba. Kana Abuja ka baro taron da kake yi ka kamo hanya. Aka ɗauko likitan dabbobi, aka mayar musu da awonsu har da ƙari, aka kafa musu fanka mai aiki da sola, ni da kaina aka tura Kano na sayo musu maganin ƙarin kuzari na zubawa a ruwa. Da na dawo na tsaya a bakin keji ina share gumi, sai wata farar kaza da fanka ke kaɗa wa gashi ta karkato kai ta dube ni da ido ɗaya. Ranka ya daɗe, na san kallon raini, na sha shi a gidajen biki. Wannan kallon tausayi ne. Shin laifina shi ne Allah bai hore mini yin ƙwai ba? In kuwa haka ne a sanar da ni, in san cewa matsalata ta halitta ce, in haƙura.

Na biyu. Bayan abin da kaji suka koya mini, na yanke shawarar in tunkare ka baki da baki. Maiɗakina Ikilima ce ta shirya ni. Kwana uku tana zama a kan turmi, ta ɗora hulata a kanta, ta kumbura murya ta ce, "To Manzo, me ke tafe da kai?" Ni kuma in durƙusa in karanto bayani. In na yi in-ina ta ce a sake daga farko. Rana ta uku har kuka na sa ta, ta ce wallahi da ita ce kai da ta ba ni kamfanin.

Ranar Juma'a bayan la'asar na same ka a zaure. Na gaishe ka, ka amsa da fara'a, na buɗe baki ke nan ka riga ni. Ka ce, "Manzo, ka zo a daidai, dama ina neman wanda zan faɗa wa damuwata." Ka fara da farashin masara, ka gangaro waken soya, ka shiga dizal, ka ba ni labarin kaji ɗari huɗu da zafi ya kashe, ɗaya bayan ɗaya kamar ka san sunayensu. Na ga idonka ya kawo ruwa. Daga baya wani ya ce hayaƙin turaren wuta ne, amma ni ban yarda ba. Ban san lokacin da na fara ba ka haƙuri ba. Na ce duniya ce, bayan wuya sai daɗi. Na laluba aljihu na ciro goro biyu da na saya don hanyar Baure, na ajiye a gabanka. Ka karɓa, ka sa mini albarka, ka ce in taimaka in wanke sabuwar motar da ke ƙofar gida tunda ga ni. Na wanke ta har ƙarƙashi.

Da na koma gida Ikilima na bakin ƙofa. Ta ce, "Nawa aka ƙara?" Na ce mata mu gode wa Allah, halin da Alhaji yake ciki ya fi namu tsanani. Mako guda cur in za ta ba ni abinci sai ta ce, "Ga tuwon mai tallafa wa attajirai." Ina roƙon a sanar da ni, goron nan ya taimaka?

Na uku, kuma wannan ne ya fi cin raina, maganar fasasshen ƙwai. Da Manaja Misbahu ya ji ƙishin-ƙishin ɗin cewa ma'aikata na gunaguni, sai ya tara mu ya ce an fito mana da alawus na walwala: kowa zai riƙa tafiya da kiret ɗaya na ƙwan da ya fashe, duk ranar Alhamis. Muka yi tafi. Ni na fi kowa tafi, don ban san abin da ke tafe ba.

Fasasshen ƙwai ba ya kwana, mu kuma ba mu da firji. Ke nan ƙwai talatin sai an cinye su a ranar, mu bakwai a gida. Makon farko yara suka yi murna kamar Salla. Mako na huɗu Ikilima ta fara dabaru. Mun ci ƙwai a ɗanwake, mun ci shi a miyar kuka, an fasa shi a fate, akwai ranar da aka dama mana shi a kunu, wannan ranar ba a yi hira a gidana ba. Yanzu ƙaramar 'yata in ta ji kaza ta yi kuka sai ta ruga ɗaka.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babbar masifar ƙamshi ne. Duk Alhamis unguwarmu takan ɗauki ƙamshin suyar ƙwai tun daga bakin masallaci har gidan mai unguwa, kuma mutane suna da hanci. Aka fara kirana Alhaji Mai Ƙwai, alhali ko filin jirgi ban taɓa takawa ba. Kwamitin gyaran masallaci ya sa sunana a sahun manyan masu bayarwa, tsakanin wani ɗan kwangila da mai gidan mai. Mai gidan da nake haya ya zo da kansa ya ƙara kuɗi. Da na ce masa babu hali, sai ya ɗaga hanci sama ya shaƙa, ya ce, "Munzali, ka ji tsoron Allah." Kawuna Sharu ya zo daga Babban Mutum ganin likita na kwana uku, ya faɗo a ranar Alhamis. Watansa huɗu ke nan a ɗakin zaurena, ya yi kumatu, ya ce iskar Daura ta karɓe shi. Wani maroƙi kuma ya gano ni a kasuwa, ya biyo ni yana kirari, "Na Ikilima mai ƙwai talatin, ka ci gwaiduwa ka ba maƙiya ɓawo!" Sai da na tsuguna a bayan kwandunan wani mai tumatir har ya wuce.

Ranka ya daɗe, a da talaucina nawa ne ni kaɗai, ina lallaɓa abina babu wanda ya sani. Yanzu kamfani ya ɗora mini sunan arziki, ya bar ni da aljihun da. Wane irin alawus ne wannan da ke ƙara wa mutum kuɗin haya?

Na huɗu. Masinjan ofis, Yazid, ya ajiye aiki ya sayi babur yana acaɓa. Yanzu in ya gan ni a hanya yakan ɗauke ni kyauta, ya ce ba ya karɓar kuɗin ma'aikacin Arzikin Kowa, don ya san dawan garin. A daidai lokacin ne Manaja ya dawo daga wani kwas na mako biyu a Kaduna, inda aka koya masa cewa ma'aikaci ba kuɗi yake so ba, girmamawa yake so. Ban san wane ma'aikaci suka tambaya ba. Ya kira ni ofis, ya rataya mini kati mai igiya a wuya, ya ce daga yau ni ne Shugaban Sashen Sufuri, Rarrabawa da Karɓar Wasiƙu. Na tambayi su wane ne a ƙarƙashina. Ya ce motar, da baro ɗaya, da ni.

To a wannan muƙami ne na rubuta rufaffiyar wasiƙar da na ambata. Shafi biyu ce, Malama Fadila mai buga takardu a bakin kasuwa ta buga mini, har ta ce ba ta taɓa buga abin tausayi irinta ba. Na sa a ambulan, na liƙe da yawu, na jefa a akwatin wasiƙun kamfani da yamma. Washegari da safe na zo na buɗe akwatin, tunda aikina ne, na tarar da wasiƙa ɗaya. Na buga mata hatimin an karɓa, na kai wa Manaja.

Ya karanta layin farko ya miƙo mini. Ya ce a sabon tsari, duk ƙorafin ma'aikacin sufuri sai ya bi ta hannun shugaban sashensa. Na ce, "Yallaɓai, ni ne ma'aikacin." Ya ce to in kai wa shugabana. Na ce, "Ni ne shugaban." Ya ce, "Ka ga ashe abin ya zo da sauƙi."

Na fita na zauna a inuwar mota na karanta wasiƙar a matsayina na shugaba, kuma wallahi ta taɓa mini zuciya. Na rubuta a ƙasa: "Na san wannan bawan Allah tun yana yaro, mutumin kirki ne, a taimaka masa." Na sa hannu na mayar. Bayan mako biyu Manaja ya ce ba za a yi aiki da shawarata ba, saboda bincike ya nuna akwai son kai a ciki. An gano cewa ni da mai ƙorafin gida ɗaya muke kwana, har matarmu ɗaya. Ban iya musantawa ba. Watan jiya Shatu mai tsintar ƙwai ta kawo mini shafi na biyu, ta ce a ƙarƙashin ƙafar teburin Manaja ta same shi, an ninke shi huɗu don teburin ya daina rawa. Na ji daɗi da aƙalla ya yi wa kamfani amfani.

Na biyar. Ina so in yi magana a kan motar, amma ina jin nauyi, don ta girme ni a aiki. Shekara shida rabonta da tashi da makulli. Duk inda zan tsaya sai na nemi gangare, saboda haka babu tudun da ban sani ba daga Daura har bakin iyaka. Masallatan da nake sallar azahar ma ba don daɗin karatun liman nake zaɓensu ba, don gangaren ƙofarsu ne. Yaran Zango sun sa mata suna Sai An Tura, in sun hango ni sai su watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki.

Da wannan mota ce, a watan Agustan bara, na ɗauko kiret casa'in zan kai wa mai gidan burodi da masu shayin Babban Mutum. Na wuce Baure kaɗan na tarar ruwan daren jiya ya cinye hanya, kwalbati ya tafi, rafi na gudu iya ƙugu. Motocin haya duk sun juya. Na kira Manaja, ya ce in yi amfani da basirata ta shugaban sashe, ya kashe waya.

Na hango wani mai amalanken shanu a tsallake, muka yi ciniki da ihu a kan zai ƙarasa da ƙwan Babban Mutum. Na tuɓe riga, na naɗe wando, na yi gammo da rawanin da nake goge gilashi, na ɗora kiret uku a ka, na shiga ruwa. Ranka ya daɗe, wanda bai taɓa tafiya cikin rafi da ƙwai casa'in a kansa ba bai san yawan addu'o'in da ya haddace ba. Sawu talatin na yi. Tun ina sawu na biyar mutanen ƙauyen suka fara taruwa. Manoma suka ajiye fartanya, mata suka fito da goyo, wani mai rake ya kafa kasuwa. Duk na kai tsallake sai a ɗauki guɗa. A sawu na ashirin da biyu wani abu mai santsi ya shige mini ƙafar wando. Har yau ban san ko kifi ne ko wani abin ba, ban kuma tsaya tambaya ba, na dai ci gaba da tafiya ina salati da murya irin ta mata. Ƙwai dubu biyu da ɗari bakwai na ƙetarar, ɗaya tak ya fashe, shi ma wata tsohuwa ce ta matsa shi don ta tabbatar ba na roba ba ne.

Na kwanta zazzaɓi kwana takwas. Da na tashi aka ce kamfani zai karrama ni. Ikilima ta ɗinka sabon mayafi, ta ce yau kam magana ta ƙare. Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, ni na ɗauko su daga gidan haya. Ka yi jawabi mai daɗi, ka ce da ana samun irina goma a ƙasar nan da an wuce wurin. Sannan aka miƙo mini takardar yabo ta Gwarzon Ma'aikaci, an rubuta Manzo Dabo da ruwan zinare, da agogon bango mai hotonka a tsakiya. Ikilima ta karɓi kwalin agogon ta zazzage, ta leƙa ciki, ta sake zazzagewa. Agogon ba shi da batir, yana nan a ɗakina ya tsaya a ƙarfe goma da minti goma, kana murmushi. Da aka tashi taro na kwashe kujerun na mayar.

Na shida. A nan ina roƙon ka gyara zama, don daga nan babu wasa.

Babbar 'yata Khairunnisa ta sami gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma. Da kuɗin awarar da take soyawa a ƙofar gida ta sayi fom, ba ta tambaye ni ko sisi ba. Ranar da takardar ta fito ta kawo mini da hannu biyu. Na karanta, na kai wurin da aka rubuta kuɗin rajista da ranar rufewa, ƙarshen wannan wata, sai na ji kamar an ɗora mini kiret casa'in ɗin nan gaba ɗaya. Ta lura. Ta ce, "Baba, in babu hali a bari sai baɗi, ai makarantar ba guduwa za ta yi ba." Da murmushi ta faɗa. Da kuka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Akwai wani mutum a Kongolam mai farar shadda, ba zan faɗi sunansa ba don ban sani ba, shi ma bai tambayi nawa ba. Wata Lahadi ina sauke wa masu shayi kaya ya ja ni gefe. Ya ce ya lura ƙasan kiret-kiret ɗina akwai sarari, kuma kowa a hanyar nan ya san ni, ya san motata, babu mai zargin mai ƙwai. Wasu 'yan ƙananan kwalaye ne zan riƙa shigo masa da su Daura, kada in tambayi abin da ke ciki. Sawu ɗaya, albashina na wata uku. Na gane ko mene ne, don ina ganin yaran da abin ya lalata a bakin tasha. Na ce masa ni ƙwai nake ɗauka, ba ƙwaya ba, na yi a'uziyya na shiga mota. Abin kunyar, sai da ya taya ni turawa.

Lahadi ta biyu ya sake tare ni, na ce sauri nake yi. Lahadi ta uku takardar Khairunnisa na aljihun gabana. Ya miƙo mini 'yar takarda mai lambar wayarsa. Ranka ya daɗe, na karɓa. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa sa ƙwai ɗaya naka a aljihu ba, ko lafiyayye ko fasasshe, amma wannan takarda na karɓe ta na ninke na adana.

Ikilima ta gan ta. Washegari ta wanke rigar da takardar a ciki, ta cuɗa ta sau biyu, ta sa bilic a kan rigar da ba fara ba. Ta ce mantuwa ce. Matar da shekara ashirin ko tsinken sakace ba ta taɓa bari a aljihuna ba. Na ce Allah ya kiyaye gaba, ta ce amin, muka bar maganar a nan.

Abin da ban faɗa mata ba, sai yanzu da za a karanta mata wannan wasiƙa, shi ne ni direba ne. Lamba in na kalle ta sau ɗaya ta zauna.

Saboda haka buƙatata ɗaya ce. A ƙara mini albashi, kuma a fara daga wannan wata, kafin talatin gare shi. Ban ce lallai a kai ni dubu saba'in ɗin da ake faɗa a rediyo ba. In an kai zan suma, amma a yayyafa mini ruwa, zan farfaɗo in yi godiya. Abin da nake nema shi ne wanda zai sa in shiga ofishin makarantar nan da 'yata in fito ba tare da na sunkuyar da kai ba. Na tabbata abin da ya fi ƙarfina bai kai kuɗin labulen ofishinka ba. Kuma ina roƙo da babbar murya, kada a kafa kwamiti. Kada a ce ana duba lamarin. Kada a ba ni hula.

Jibi Lahadi, kiret sittin zan kai Kongolam, kuma na san mai farar shadda yana nan a inda na bar shi. Lambar nan guda goma sha ɗaya ce. Ina tuƙi tana biya kanta a kaina kamar karatun allo, na kunna rediyo ba ta daina ba, na tauna goro ba ta daina ba. Ni dai ban kira ba, kuma ba na so in kira. Kai kaɗai ne a garin nan kake da maganin da zai sa in manta da ita.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare kajinka daga mura, ya sa wannan takarda ta same ka bayan ka ci abinci.

Naka mai biyayya har ƙasa, wanda ko a waya ka kira shi sai ya cire takalmi ya durƙusa kafin ya amsa,

Munzali Dabo,
Tudun Wada, Daura.